"Ni ba wa'azi nake so ba, manhajar da za ta tsayar da ni nake nema"

Wannan saƙon ya shigo min ne daga wani matashi a Jega, ya ce in sakaya sunansa, na kuma sakaya. Na taƙaita shi dan yana da tsawo:

"Yaya barka da aiki. Shekarata 26, ina zama shagon POS na yayana, shi ya zuba jarin ni ke kula da shi. Na fara buga bet shekara biyu da suka wuce da naira 200, yanzu wlh ranar Asabar ɗaya ina iya zuba 15,000 ban sani ba. Na taɓa kuɗin shago, yanzu akwai giɓin 186,000 kuma shi bai sani ba, ina ta juya lissafi. Na ci bashin manhaja guda biyu. Dan Allah kada ka yi min wa'azi, na san haramun ne. Abin da nake so ka gaya min wace manhaja ko wane setin zai tsayar da ni kan 2,000 a sati, in riƙa bugawa kaɗan kaɗan har in maido kuɗin yayana. Mi ya kamata in yi?"

Toh ƙanena, na ji, kuma bazan hau mumbari ba tunda ka ce ka sani. Ayar nan ta Ma'ida, 90 da 91, da ta hana caca, tun kana allo ka ji ta, ba ni zan koya maka ita ba. Zan baka amsar abin da ka tambaya, akwai kayan aikin, zan lissafa maka su da yadda kowanne yake aiki da inda yake yoyo. Amma akwai kalma ɗaya a saƙonka da ta tsaya min a wuya, sai na fara cire ta tukuna: "har in maido".

Ka ɗauko biro mu yi lissafi, kai ai mai POS ne lissafi ba baƙonka bane. Ace ka haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya yadda kuka saba, kuma ace kowane wasa a cikinsu irin wanda kuke cewa shuwa ne, wato cikin 100 sau 70 zai shiga. Ka san sau nawa duka goman za su shiga tare? Ka ninka 0.7 sau goma a kalkuletan wayarka, zai baka kusan 0.03. Tikiti 3 cikin 100 kenan. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne a majalisa, "wasa ɗaya ne ya yanke min". Ba sammu bane, ba kuma alƙalin wasa bane ya tsane ka, haka abin aka gina shi. Kuma kowane od da ka gani, wato lambar da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci, an riga an gutsure rabon kamfani a ciki kafin a nuna maka, in ace naira 5 suke gutsura cikin 100 a kowane wasa, to a tikitin wasa 10 abin yana taruwa ya kai wajen 40 cikin 100. Wannan misali ne kawai na kawo maka, amma haka hanyar take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To da 2,000 a sati ta wannan hanyar zaka cike ramin 186,000? Ramin da kansa ai ta nan aka haƙa shi.

Kenan duk abin da zan faɗa maka a ƙasa, ka ɗauke shi a matsayin tsanin sauka. Ba kujera bace da zaka zauna ka miƙe ƙafa kana buga 2,000 har tsufa.

Yanzu ga kayan. Na farko yana cikin manhajar bet ɗin kanta, kuma mutane da yawa basu taɓa buɗe wajen ba saboda an tura shi can ƙasan setin. Yawancin manyan kamfanonin suna da shi, ka duba inda aka rubuta Responsible Gaming ko wani abu mai kama da haka. A ciki zaka iya sa limit, wato iyaka, na kuɗin da zaka zuba a rana ko sati ko wata, wasu suna da na kuɗin da zaka buga ko na asara, sannan akwai na rufe akawun gaba ɗaya na wani lokaci, wanda in ka danna ba shiga sai lokacin ya cika. In baka ga wajen ba ka tura musu saƙo a rubuce kace a rufe maka, ka ajiye hoton saƙon.

Amma ka lura da wani abu da ke yaudarar mutane a limit ɗin zuba kuɗi. Shi abin da ka shigar daga waje kawai yake ƙirgawa. Ka zuba 2,000, Allah ya jarrabe ka ka ci 30,000, to wannan 30,000 ɗin tana cikin akawun, limit bai san da ita ba, zaka iya ƙone ta duka a daren a wasan jirgin nan ko ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, gari ya waye kana gaya wa kanka ai 2,000 kawai na kashe. Sannan yoyo na biyu, wanda ya fi girma: limit ɗin kamfani ɗaya bai san kana da akawun a wani kamfanin ba. Baka faɗa min guda nawa ne a wayarka ba amma na rantse ba ɗaya bace, wanda yake zuba 15,000 a Asabar yana da aƙalla biyu ko uku. Ka toshe ɗaya ka bar biyu, kamar ka ɗaure bakin buhu ne alhali ɓera ya huda gindinsa.

A Ingila sun gane wannan matsalar, shi ya sa tun 2018 suke da wani tsari mai suna GamStop, mutum ya yi rijista sau ɗaya ya zaɓi wata 6 ko shekara 1 ko shekara 5, duk kamfanin intanet mai lasisi a ƙasar ya rufe masa ƙofa. A can in kana so ka ƙara limit ɗinka sai ka jira awa 24, ragewa kuwa nan take. A 2020 suka hana buga caca da katin bashi na banki. Wasu bankunansu kamar Monzo suna da maɓallin da in ka kunna katinka baya biyan kamfanin caca, in kuma ka ce a kashe sai ka jira aƙalla kwana biyu. Ba dan in burge ka da labarin Turai na kawo wannan ba, so nake ka ga abin da duk suka haɗu a kai, wato jira. Sun gano cewa zafin nan da ke taso wa mutum ƙarfe 4 na yammar Asabar baya daɗewa, in aka sa masa shinge na awanni zai huce da kansa. GamStop ba zai yi maka aiki a Jega ba. Nan ƙasar ma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, kenan kar ka zauna jiran Abuja ta rufe maka ƙofa ɗaya. Kai zaka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma jiran nan da hannunka zaka ƙera shi.

Na biyu, manhajar toshewa. Akwai BetBlocker, kyauta ce, wata ƙungiyar agaji ce ke da ita, tana hawa Android da iPhone da kwamfuta, tana toshe dubban shafukan caca, ka zaɓi tsawon lokaci daga awa 24 har shekara 5 kuma in ka kunna an gina ta ne yadda bazaka iya janyewa ba sai wa'adin ya ƙare. Akwai Gamban, ita kuma biya ake. Ni a wajenka BetBlocker nake gani tunda aljihun ya riga ya sha wuya. Ka fara goge duk manhajojin bet ɗin bayan ka rufe akawun ɗin, ba kafin ba, dan gogewa kawai ba komai bane, minti biyu ka sake saukewa. In ka kunna ta, ka gwada shiga shafukan da ka saba ɗaya ɗaya ka gani ko akwai wanda ya tsallake. Kuma kar ka zaɓi awa 24 kace gwaji kake, wannan wayon na san shi, ranar da ka san ba wasa zaka kunna. Ka zaɓi abin da zai haye ƙarshen kakar Firimiya, wato ya wuce watan Mayu.

Ƙananan abubuwa kuma da ake rainawa: tura STOP zuwa 2442, wannan lambar hukumar NCC ce ta hana saƙonnin talla, zai rage maka wasu. Ka fita daga duk guruf na Telegram da WhatsApp da ake raba kod na tikitin bet, da masu cewa ka biya su 5,000 su baka wasan da aka riga aka sayar. Ƙanena wanda ya san sakamakon wasa tun kafin a buga me zai yi da 5,000 ɗinka? Ka daina bin shafukan masu nuna hoton tikitin miliyoyi a Facebook da TikTok, babu mai ɗora hoton tikiti 97 ɗin da suka faɗi.

Yanzu mu zo wajen da nake so in daɗe, dan duk na sama in ka yi su kaɗai sati uku zaka yi ka koma.

Lokacin muna yara gidan kakanmu akwai rumbu biyu a tsakar gida. Ɗaya na ci ne, ɗaya kuma wanda ba a taɓawa sai damina ta yi nisa, a nan iri yake. Wannan na biyun bakinsa can sama yake, an liƙe da laka an kifa masa hular ciyawa, tsanin hawansa kuma ba a gidan yake kwana ba, yana gidan ƙanen kakan namu a ƙarshen layi. Ina yaro ina ganin wauta ce, rumbunka, hatsinka, amma sai ka aika an ɗauko tsani a wani gida? Sai da na girma na gane tsohon ba ɓarawo yake tsoro ba. Kansa yake tsoro, ranar da baƙo zai zo da labari mai daɗi, ko ranar da za a yi biki ido ya rufe. Kafin a je a ɗauko tsani, ƙanensa ya tambaya lafiya, a yi gaisuwa, a sha fura, zuciyar ta sauka.

Matsalarka kenan a taƙaice, kai ne rumbun, kai ne tsanin, kai ne kuma mai yunwar. Kana zaune daga safe zuwa dare da na'ura a hannu, kuɗin mutane na shiga na fita, walat ɗin da kake aiki da shi ma wataƙila akwai maɓallin zuba kuɗin bet a fuskarsa kusa da na sayen kati da data. An ba kura ajiyar nama, kuma ba zagi nake ba, ko ni aka ajiye a wannan kujerar da wannan ciwon haka zan yi. Duk limit ɗin da fin ɗinsa ke kanka ba limit bane, alkawari ne kawai, kuma kai ka san sau nawa ka yi wa kanka alkawari bayan sallar asuba ka karya kafin la'asar.

Dan haka tsanin sai ya bar gidan. Ga yadda nake gani. A manhajojin banki da yawa akwai inda ake rage yawan transfan da za a iya yi a rana, ka rage naka na kanka ya dawo daidai abinci da mai. Kuɗin shago kuma alat ɗinsa ya riƙa shiga wayar yayanka, duk shiga duk fita, kuma a rufe lissafi kullum da daddare ba ƙarshen wata ba, kuɗin hannu a ƙirga a gabansa ko gaban wanda ya wakilta, balans ɗin na'ura a ɗauki hoto a tura masa. Giɓin 186,000 bai taru a rana ɗaya ba, ya taru ne saboda an bar ka wata da watanni ba mai duba littafi. Ladanka na wata kar ya sauka a wayarka gaba ɗaya, a raba, kason biyan bashi ya tafi kai tsaye, kason ajiya ya tafi inda hannunka baya kaiwa da daddare, ko adashe wajen uwar adashen da ba ta jin magiya, ko asusu a banki irin Jaiz ko TAJ da bazaka karɓi kati ba bazaka sa manhajarsa a waya ba, in kana so sai ka taka da ƙafarka ka bi layi. Wahalar layin ita ce maganin. Wayar kanta ma, in zaka iya, ka ba wani ya sa mata makullin hana sauke sabbin manhajoji da lambar da baka sani ba. Na san wani da ya ajiye babbar wayarsa wajen mahaifiyarsa ya koma 'yar rakani-kashi wata huɗu, abokai suka yi ta masa dariya, shi kuwa a wata huɗun nan ya biya rabin bashinsa.

Ka ga duk wannan ba zai yiwu ba sai yayanka ya sani. Na san nan ne cikinka ya ɗuri ruwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wlh gara ya ji daga bakinka da ya gano da kansa ranar da wani zai zo cirar 200,000 a ce babu. In ka faɗa da kanka kai ƙane ne da ya faɗa rami, in ya kama ka kuwa sunan daban ne, kuma har matarsa da 'ya'yansa sai sun ji. Kar ka je da baki kawai. Ka rubuta a takarda, nawa ka taɓa, nawa manhajojin bashi ke bin ka, nawa zaka iya biya duk wata, ko 15,000 ce, ka ga shekara ɗaya da ɗan kai kenan ka fita. Ka miƙa masa wayar ya ga ka rufe akawun ɗin a gabansa. In kana tsoron zafinsa ka tafi da wanda yake jin nauyi, kawunku ko limamin unguwa, wanda ka san bakinsa na da murfi. Zai yi faɗa, ƙila ya kwana biyu baya amsa gaisuwarka, ƙila ma ya ce ka bar shagon na wani lokaci. In ya ce haka kar ka yi musu, ni da zai tambaye ni ma abin da zan ce masa kenan.

Bashin manhajar nan guda biyu su zaka fara kashewa saboda ruwan da suke hawa da kuma halin wasunsu na bin lambobin wayar mutum suna tona masa asiri. Kar ka ci na uku dan ka biya na farko. Wannan shine garin neman gira a rasa ido.

Wani abu da na lura, mu nan an daɗe da ɗauka cewa caca matsalar wasu ce. Zamfara ta fara shari'a a Janairun 2000, Kebbi ta biyo baya, aka kori 'yan karta daga gindin bishiya, Hisbah na zagaye, kowa ya ce shikenan. A da mai caca sai ya fita, sai ya je wani lungu, sai ya yi fargabar wa zai gan shi, wannan kunyar kanta shinge ce. Yanzu kuwa yaro na zaune a sahun farko a masallaci gidan cacar na aljihunsa, ba wanda ya ga shigarsa ba wanda ya ga fitarsa. Rannan a wajen mai shayi a Birnin Kebbi na zauna kusa da wani, shayinsa ya huce har ya yi fata a sama bai kurɓa ba, babban yatsansa na ta jan fuskar waya ƙasa yana sabuntawa, wasan wata ƙasa ne da na tabbata bai san a wace nahiya take ba, minti na 88. Da aka tashi bai ce komai ba, ya kifa wayar a benci, ya ce wa mai shayi ya rubuta. Wannan shirun shi yake bani tsoro, ba ihun gidan kallo ba.

Maganar gidan kallo, bazan ce ka daina son ƙwallo ba, amma watannin farko ka nisanci benci ɗin da ake karanta od da ƙarfi. Asabar da Lahadi daga azahar zuwa dare su ne lokacin haɗarinka, da daren Talata da Laraba in ana gasar Zakarun Turai, to ka cika su da wani abu tun kafin su zo, ka bi wani fadama ko ka buga ƙwallon da ƙafarka a fili, wayar kuma ta kwana wajen wani. In abin ya taso maka, kace wa kanka ba yanzu ba sai bayan minti 30, ka tashi daga inda kake, ka yi alwala, ka kira mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki. Sau da yawa kafin ka dawo ya lafa.

In kuma ka yi duk wannan ka ga ka ari wayar aboki ka buga, ko ka ba wani kuɗi ya buga maka, kar kace shikenan na lalace bari in ci gaba. Ka faɗa wa yayanka a ranar, a toshe wannan hanyar ita ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, layi ɗaya da sauran jarabobi, kenan zuwa asibiti a kanta ba abin kunya bane. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma a babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi zaka iya tambayar ɓangaren masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Musamman in bacci ya ƙaurace maka, ko ka fara jin gara ma ka huta da duniyar gaba ɗaya saboda bashin nan. In wannan tunanin ya taɓa zuwa maka ko sau ɗaya, kar ka kwana da shi kai kaɗai, a daren ka gaya wa wani. 186,000 kuɗi ne, amma yayanka zai zaɓi ƙanensa a kan ta ko da bakinsa bai faɗa ba.

Ka tambaye ni setin da zai tsayar da kai kan 2,000. In ka nace sai ka bi ta nan, to ka sa shi yau a duk akawun ɗin, na sati ɗaya tak, kafin ka samu zama da yayanka, daga nan a rufe. Yau wace rana? In saƙon nan ya same ka kafin Juma'a, ka je masa bayan an sauko masallaci, lokacin zuciya na da sanyi, kar ka bari Asabar ta riske ka da na'urar a hannu ba wanda ya sani. Ka rubuto min abin da ya ce.